Jegon da Na Ƙarasa a Yanbu

Tun da muka dawo Funtuwa bayan Malam ya gama karatu, duk matar da ta zo yi mini sannu da zuwa sai ta fara da tambayar Rauda da Ka'aba, sannan ta rage murya ta ce, "Wai Rakiya, da gaske ne kin shiga teku da kayan jikinki? Wai har a kanti kika ci abinci, ke da Malam a faranti ɗaya?" Ban san wanda ya riga ni kawo labarin gida ba. Na ba da shi guntu-guntu har bakina ya gaji, kuma na lura kowa yana ƙara masa gishiri, don jiya na ji an ce kifi ya kusa haɗiye ni. To ga yadda aka yi tun daga farko, kowa ya huta.

Ba a daɗe da shiga sabon ƙarni na Hijira ba Malam ya ɗauke ni zuwa Madina, inda yake karatu a jami'a. Muka kama ɗaki ciki da falo a unguwar Juruf. Can na haifi 'yata ta fari. Kun dai san yadda haihuwar fari take a gida: a tafi da ke wajen iyayenki, a dafa ruwa safe da yamma, a yi miki wanka da ganye, ki sha kunun kanwa, ki kwanta a gadon gashi, ɗa kuwa yana hannun kakanni. Ni ban sami ko ɗaya ba. Daga asibiti sai ɗakina, ni da jaririya da bango. Innata ta aiko kaset ta hannun wani mai zuwa Umra, rabinsa addu'a, rabinsa faɗa. "Macen da ba ta yi wanka ba," in ji ta, "sanyi zai zauna mata a ƙashi har tsufa."

Ko sanyin ne ko wani abu, na dai lalace. Bayana ya riƙe, abinci ya fita raina, in na kai loma baki sai in ji kamar auduga nake tauna. Ina zaune haka kawai sai in ga hawaye a zanena. Likita ya duba ya ce bai ga komai ba, ya ba ni ƙwayoyin ƙarin jini. Da abin ya yi watanni, Malam ya zaunar da ni ya ce yana ganin in alhazai sun tashi komawa zai haɗa ni da su, ni da yarinyar, in je Inna ta kula da ni. Ina son ganin Inna, amma na san in na tafi sai ya gama karatu za mu sake haɗuwa, kuma za a ce Rakiya ta kasa zama a birnin Manzo.

Maƙwabciyarmu ce ta shiga maganar. Khala Asabe muke ce mata, khala kuwa inna ke nan da Larabci. Iyayenta sun taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, suka yi shekara da shekaru a hanya, aka haife ta a Sudan, ta girma a Madina. Doguwa ce, mai murya kamar ta namiji, Hausarta irin ta tsofaffi, tana yi tana cusa Larabci. Ta shigo ta same ni na tasa kwanon tuwo a gaba ina kallo, ta tsaya a ƙofa ta kira Malam.

"Ya Ustaz, wai mayar da ita za ka yi? Yarinyar nan ba jirgi take bukata ba. Bahar take bukata, da yashi, da samak, kifi ke nan. Ni ma gwiwoyina sun dame ni. Yanbu za mu, Usama zai kai mu."

Malam ya ce, "Khala, ai teku ba magani ba ne."

"Ƙwayoyin da kuke ba ta fa, sun zama magani? Khalas, na gama magana. Ka nemo takardar tafiya."

Da hutun tsakiyar shekara ya zo muka tashi bayan sallar asuba, a wata zungureriyar mota ta Usama, ɗan Khala, wanda yake jigilar masu ziyara da ita. Usama magidanci ne mai 'ya'ya, yana jin Hausa sarai, amma in ka yi masa sai ya mayar maka da Larabci. In uwar ta ce, "Kai, ka yi maganar ubanka mana," sai ya yi dariya ya ce, "Tayyib, ya ummi," ya ci gaba da Larabcinsa.

Da muka fita iyakar Harami muka tarar da shingen bincike. Wani soja ya duba iƙamar Malam, wato izinin zama, da takardar tafiyarsa, ya leƙo ya dube mu, sannan ya ce a buɗe bayan mota. Sai ga murhu, ga buhun gawayi, ga tukunya, har da ƙaramin turmi. Ni kaina ban san Khala ta loda su ba. Sojan ya tambayi Usama ko ƙaura muke yi. Khala ta zuge gilashi ta ba shi amsa da Larabcin Madina, ta ce ita ba ta taɓa barin gida ba tukunya ba, ko da Sarki ne ya gayyace ta. Sojan ya rufe mota yana dariya ya ce mu yi masa addu'a. Tukunyar nan kuwa har muka dawo ba a ɗora ta a wuta ba.

Hanyar duwatsu ce baƙaƙe da kwazazzabai, sai jefi-jefi ka ga dabino. A Badar muka yada zango. Malam da Usama suka je suka yi wa shahidai sallama, sannan muka zauna a wata gahawa, wato rumfar shayi ta bakin hanya, mai dogayen gadaje na igiya waɗanda sai ka ɗan yi tsalle kake hawa. Aka kawo wake dakakke da man zaitun da faffaɗar gurasa mai zafi. Na gutsiri kaɗan na ajiye. Khala ta gani, sai ta karɓi yarinyar daga hannuna ta miƙa wa Malam, wai ya riƙe ta mu sha shayi. Ai kuwa bai gama gyara mata zama ba ta kelayo masa nono tun daga kafaɗa har gwiwa. Jakarsa tana can ƙarƙashin buhun gawayi. Usama ya ciro wani zane mai layi-layi irin wanda mutanen Yaman suke ɗaurawa, futa suke ce masa, ya ba shi. Haka Malam, mai ja wa ɗalibai sallah, ya fito daga bayan rumfa da singileti da zane a ƙugu, yana tafiya yana riƙe da shi kada ya kwance. Na juya fuska, amma dariyar ta riga ta kuɓuce. Rabon da in yi dariya har na manta.

Daga Badar ƙasa ta miƙe, iska ta canza, ta yi nauyi, jiki ya fara danƙo. Can Usama ya nuna hagu ya ce, "Bahar." Na duba ban ga ruwa ba, na ga dai sama ta sauko ta kwanta a ƙasa. Ni da ban san ruwan da ya wuce dam ɗin Mairuwa ba, sai na yi ta neman ɗaya gaɓar, babu. Na ce a raina lallai Allah da girma yake.

Yanbu gari biyu ne a lokacin. Kafin ka shiga akwai sabon da ake ginawa, ƙarafa tsibi-tsibi, manyan tankuna, da mutanen Koriya cikin hulunan kwano suna aiki a rana kamar ba su san zafi ba. Na ga wata Baturiya a mota kanta a buɗe, na yi ta kallonta, don tun da na shiga Madina ban ga wanda ba Musulmi ba. Mu tsohon garin muka nufa, bakin tashar jiragen ruwa, inda gidaje suke da tagogin katako masu huda-huda, ko'ina kuma ƙarnin kifi.

Muka sauka a gidan wata tsohuwa, Ummu Salim, wadda mijinta masunci ne kafin ya rasu, tana ba da hayar ɗakunan sama ga masu zuwa shan iska. Sun san juna da Khala tun tuni. Mu mata ɗaki ɗaya, maza ɗaya. Ruwan randarta da ɗan gishiri-gishiri, sabulu ba ya kumfa da shi, amma iskar da take shigowa ta tagar nan ta fi fanka.

Bayan la'asar Khala ta ce a tashi a je cin kifi. Na ce ni dai a sayo mini in ci a ɗaki. A gida wace matar aure ce za ta zauna a kasuwa tana cin abinci? Ko tsire ne ai a ƙunshe ake kawo mana.

"Nan ba Funtuwa ba ce," in ji Khala. "Samak in ya hau bene ya huce, in ya huce ya mutu sau biyu. Sa abayarki."

Wurin ba wani kanti ba ne na a zo a gani. A ƙofa an shimfiɗa kifaye a kan ƙanƙara, wani ja mai ɗigo-ɗigo, wani shuɗi da baki kamar na aku. Kai za ka nuna wanda kake so, a auna, a yanka, a jefa shi cikin wani ƙaton kasko a kan idonka. Khala ta ɗaga kunnen kifi tana leƙawa, ta mayar da biyu, ta zaɓi jan. Daga nan aka kai mu ɓangaren iyali, ƙananan ɗakuna da labule, tabarma a ƙasa. Ta bayan labule ina jin wata mata tana yi wa mijinta tsiya ya cinye mata kan kifi.

Aka kawo faranti ɗaya, babba, shinkafa ruwan ƙasa wadda aka dafa da soyayyar albasa da romon kifi, sayyadiyya suke ce mata, kifin kwance a kai. Na jira a kawo na mata, shiru. Usama ya yi bismilla ya sa hannu, Malam ma ya sa yana kallon gefe. Tun da aka yi aurenmu ban taɓa cin abinci a gabansa ba, balle a kwano ɗaya, balle ga wani namiji a zaune. Na naɗe hannuna a cinya. Khala ta ɓare tsoka ta tura gabana, ta jawo wani ɗan kwano mai baƙar miya ta ce in dangwala.

Na dangwala don kada in yi mata musu. Ashe tsamiya ce. Tsamiya sak, irin tamu, an dama ta da tafarnuwa da barkono. Yawuna ya tsinke, har cikin kunnena na ji ta. Na tuna kunun tsamiyar Inna da azumi. Na sake dangwalawa, na haɗa da shinkafa, kifin kuwa fari tas, ba ƙaya sai ta tsakiya, ba irin busasshiyar tarwaɗar da muke marmasawa a miya ba. Ban farga ba sai da na ga na yi rami a gefena na farantin, su uku kuma duk sun mai da hankali wajen labule kamar akwai abin kallo a jikinsa.

Sai aka kawo jatan lande, da ƙafafunsu da gashin bakinsu. Na ja baya. Malam ya ce duk abin da yake cikin teku halal ne, amma na lura shi ma bai taɓa ba.

Khala ta ce, "Ke da kike cin fara da yaji, wannan ce za ta ba ki tsoro? Farar ruwa ce." Ta ɓare ɗaya ta sa mini a baki kamar yarinya. Ba laifi, amma har gobe na fi son fara.

Washegari da sassafe Ummu Salim ta kai mu wani lungu na gaɓa inda mata suke shiga ruwa, nesa da maza. Ba wadda take tuɓewa. Da abaya da komai ake shiga, sai ka ga baƙaƙen kawuna a kan ruwa kamar tulunan da aka kife. Na tsaya ruwa iya idon sawu, yashi yana zamewa a ƙarƙashin ƙafata, na ce nan ma ya isa. Khala ta kama hannuna ta ja. Da ruwa ya kai ƙugu abayata ta kumbura ta taso, ina kokawar danne ta sai igiyar ruwa ta zo ta zaunar da ni. Na kurɓi gishiri, idona ya yi yaji, na taso ina salati da ƙarfi. Kifin da aka ce ya kusa haɗiye ni ke nan. Matan wurin suka yi ta dariya, wata ta zo ta riƙe ni ta baya ta ce in saki jiki. Na saki. Ruwan ya ɗauke nauyina gaba ɗaya, bayan nan nawa da ya yi watanni a ƙulle na ji shi ya sake.

Da muka koma gida Ummu Salim ta ɗumama man riɗi ta kwantar da ni ta yi mini tausa, tun daga wuya har tafin ƙafa, da hannuwa kamar na maƙeri, sannan ta ɗaure mini ciki tamau da wani dogon ƙyalle. Tana yi tana wasa da yarinyar, sai ta tambaye ni sunanta. Na dubi Khala. Ummu Salim ta sake tambaya, tana zaton ban ji Larabcin ba. Khala ta bayyana mata cewa a wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ma nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ummu Salim ta riƙe baki. Ni kuma Khala ta juyo gare ni da Hausa.

"Ya binti, 'yata, ni ma uwata ba ta taɓa kiran sunan yayana ba har ta mutu. Amma wannan kunya ta inda akwai kaka ce, da goggo, da inna, masu kira a madadinki. Nan wa gare ta? In ke ba ki kira ta ba, bango ne zai kira ta?"

Maganar nan ta zauna mini.

Haka muka yi ta yi, safe ruwa, yamma kifi. Mun ci gasasshe, mun ci wanda aka dafa a tukunyar ƙasa da ruwan riɗi, har wata rana na ce a ƙaro shinkafa, Usama ya ce, "Masha Allah," da Hausa kuma ya ƙara, "Ta ci!" Uwar ta ce yau ga abin mamaki biyu.

Ana jibi za mu tafi Malam ya ce shi ma bari ya taɓa ruwan nan. Bai yi nisa ba ya taka wata halitta mai kama da ƙaramar bushiya, ƙayoyinta suka karye a dunduniyarsa. Ummu Salim ta jiƙa masa ƙafar a ruwan zafi, ta shafa mai da lemun tsami, ta ce kada ya taka ta sosai. Saboda haka da aka zo binne mu a yashi da yamma, bai bi Usama kasuwa ba, aka kafa masa laima kusa da mu, aka ba shi yarinyar.

Binnewar kuwa ita ce gashinsu. In rana ta gasa yashi ta fara sanyi, sai a haƙa rami marar zurfi, ki kwanta da kayanki, a tura miki yashi har wuya, a kare miki kai da inuwa. Zafin yana shiga a hankali har ƙashi, zufa tana tsiyaya, ba ki iya motsa ko yatsa. Khala na can gefe an binne mata ƙafafu, ita da Ummu Salim suna hira. Sai yarinyar ta farka ta fasa kuka. Malam ya jijjiga, ya sa a kafaɗa, ya yi mata karatu, kuka sai ƙaruwa yake. Na yunƙura, yashi ya riƙe ni. Ba hannu, ba ƙafa, murya kaɗai ta rage mini.

Na ce, "Hafsatu. Hafsatu, yi shiru, ga ni nan."

Ta tsagaita, tana juya kai tana neman inda muryar take. Malam ya matso da ita dab da fuskata, ta kama hancina da hannunta mai yashi. Shi kuwa ya kafa wa teku ido, kamar bai ji komai ba. Can ya yi gyaran murya.

"Maganar tafiya da alhazai fa? In kina son gida, wallahi ba zan hana ki ba."

Na ce, "Malam, ina son gida. Amma ba ciwo ne zai kai ni ba. In ka gama mu tafi tare."

Ya ce, "To, Allah Ya nuna mana." Ya sa gefen futarsa ya share mini zufar goshi, a gaban su Khala.

Ba zan ce muku na dawo Madina garau ba. Bayana ya ɗan sake damuna, kukan ma yakan zo jefi-jefi. Sai dai na ci gaba da cin abinci, na fara fita Harami da matan ɗalibai, kuma duk Juma'a Khala takan aiko Usama ya sayo kifi mu dama tsamiya. Alhazai suka zo suka tafi ba ni.

Ranar da za mu baro Madina gaba ɗaya, Khala ta zo ta zauna a kan akwatina ta hana a ɗaure shi. Ta goya Hafsatu, ta sauke, ta sake goyawa. Da mota ta iso ta ja ni gefe, muryar nan tata mai kauri ta yi ƙasa.

"Funtuwa da nisa daga Haɗeja?"

Na ce da ɗan nisa, amma ana zuwa.

"Babana ɗan can ne. Har ya mutu, duk kifin da aka sa masa a gaba sai ya ce bai kai na kogin garinsu ba. Ni ban sani ba ko gaskiya ne, ko kewa ce kawai irin ta tsofaffi. In Allah Ya kai ki, ki ci, ki aiko mini a kaset ki gaya mini. Kada ki yi mini ƙarya don ki faranta mini."

Na yi mata alkawari. Har yanzu ban samu zuwa ba, ga Khala kuma tsufa yana kama ta. Don haka duk wadda ta ji motar Haɗeja a cikinku, ko biki ko gaisuwa, ta biyo ta nan ta ɗauke ni.